Wai ina kalangu ya shiga? Tambayoyi da amsoshi kan waƙa a zamanin waya

Ni dai a shagon kaset na tashi, na kawuna, nan babbar kasuwar Garwa a arewacin Kamaru, tun ina ɗan yaro nake goge ƙura a kan kanta ina jera kaset. Yau shagon yana nan amma abin da muke yi cajin waya ne da tura waƙa a memori, shi ma turin kasuwarsa sai a hankali. Tambayoyin nan duk a bakin shago aka sha yi min su, wasu yara ne wasu manya, na ce bari in haɗa su wuri ɗaya in amsa.

Kawu, wai meye nau'in waƙa da kuke ta faɗa, ba duk waƙa waƙa ba ce?

Ɗan ƙanwata ne ya yi min wannan, shekararsa 17, kuma ban ga laifinsa ba don a wayarsa komai fayil ne. Na ce masa a wurinmu kiɗa da mai shi yake zuwa. Kalangu asalinsa na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma ranar gayya, garaya da goge ka ji su ka san akwai 'yan bori kusa, kotso da taushi na fada ne ba a buga wa kowa da kowa, kiɗan ƙwarya da shantu na mata ne a cikin gida, mandiri na 'yan Ƙadiriyya. Algaita da kakaki kuwa har gobe in ka ji su a garin nan ka san Lamido ne zai fito. Wato kafin mawaƙi ya buɗe baki, kiɗan ya riga ya gaya maka su waye a wurin, me ya tara su, kuma ko kai ka isa ka shiga fili ko tsayawa zaka yi daga gefe.

A shagonmu haka muke jera kaya. Shata da kalangunsa layi guda, Ɗanƙwairo da masu waƙar fada layi guda, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, Barmani Choge ta mata masu biki, sai gefen Fulfulde, sai na Sudan da larabawan Chadi suke nema, can ƙasa makossa da bikutsi da kiɗan Kongo na ma'aikatan da aka turo daga kudu. Mutum na shigowa tun daga hularsa da takalminsa kawu ya san layin da zai nufa, da wuya ya kuskure. Ɗanƙwairo ya rasu 1991, Shata 1999, Barmani 2013, Ɗanmaraya 2015, kuma wlh ban ga wanda ya zauna a kujerar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Toh waya ce ta kashe su kenan?

A'a, kar a ɗora mata jakar tsaba. Fiyano ya riga ta. Tun da finafinan Kano suka yi ƙarfi wajen ƙarshen shekarun 1990 aka gane cewa mutum ɗaya da fiyano a ɗaki zai fitar da sautin kalangu da algaita da sarewar Indiya duk a lokaci guda ba sai an ciyar da makaɗa goma da 'yan amshi ba, nanaye ta shigo ta cinye kasuwa. Tun ranar kiɗan ya rabu da mai shi. Kalangun da ke cikin fiyano bai san mahauci ba, maɓalli ne kawai.

Abin da waya ta yi shi ne ta rushe kantar da muke jera kaya a kai. Daga kaset aka koma CD, daga nan memori da Bluetooth, sai Xender, sai ga manhajar jin waƙa ta Boomplay a 2015 wadda take zuwa a cikin wayoyin Tecno tun daga kwali, ga Audiomack, ga YouTube, Spotify kuwa da aka fara a Suwidin tun 2008 bai iso Kamaru da Chadi da Najeriya ba sai 2021. A memori ɗaya zaka tarar da bege na bin amapiano, amapiano na bin waƙar siyasar Kano, tana ƙarewa karatu ya shigo, babu layi babu kanta, kamar an zuba gero da dawa da maiwa a buhu ɗaya an girgiza.

Ta yaya manhajar take sanin abin da nake so, ban gaya mata ba?

Ka gaya mata mana, da yatsanka. Duk waƙar da ka bari ta kai ƙarshe, wadda ka maimaita, wadda ka tsallake, ƙarfe nawa ka ji ta, duk ana rubutawa, sai a duba mutanen da hannunsu ya yi kama da naka a turo maka abin da suka ji. A Spotify sai waƙa ta yi daƙiƙa 30 ana jinta kafin a lissafa an saurara, shi ya sa mawaƙan yanzu ba sa jan rai, amshi ake fara jefo maka tun kafin ka gyara zama. Ka tuna yadda makaɗan da suke yi, a daɗe ana share fage da kiɗa zalla, a yi kirari, a gaida mutane ɗaya bayan ɗaya har da wanda ya ba da riga shekara biyar da suka wuce, sannan a shiga waƙa. Wannan a yau yatsa ya wuce shi tuni.

Kuma jerin waƙoƙin da suke haɗa maka ba da sunan kiɗa suke zuwa ba, da yanayi suke zuwa: na barci, na motsa jiki, na wanda aka yaudara, na tuƙi. Abin dariyar shi ne akwai wani ma'aikacin Spotify, Glenn McDonald, da ya yi taswirar nau'in waƙa har kusan 6,000 kafin a sallame shi daga aiki a ƙarshen 2023. Kenan sunaye basu ƙare ba, yawa ma suka yi kamar jamfa a Jos, sai dai suna ne da na'ura ta raɗa, ba wani dandali da zaka je ka tarar da masu shi suna zaune.

Mu kaɗai abin ya shafa ko har Turawa?

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2019 mujallar Billboard ta Amurka, mai fitar da jerin waƙoƙin da suka fi tashe, ta cire wata waƙar Lil Nas X daga jerin kiɗan kantiri wai bata cika sharaɗi ba, aka yi ta cacar baki, waƙar kuma ta je ta yi mako 19 a saman babban jerin gaba ɗaya, masu saurare ko a jikinsu. Mu namu ma ya fi ciwo don kuɗin goro ake mana. Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, ta buɗe rukunin waƙar Afirka a 2024, Tyla ta Afirka ta Kudu ta ɗauka, rukuni ɗaya tak wa nahiya guda. In ka sauko ƙasa kuma, kotso da nanaye da hip hop na Hausa duk "Hausa" ake rubuta musu a manhaja, shikenan an gama da mu.

Malam, ku da kuke cewa da ana jin waƙa tare, yanzu a ina muke jinta, a rami?

Wani ɗan moto ne ya jefo min wannan yana dariya, iyafis ɗaya a kunne ɗaya na lilo a ƙirji. Na ce masa zauna in baka labari.

Da rediyo ɗaya ce a zaure. In lokacin zaɓen waƙoƙi ya yi a gidan rediyon Garwa ko aka kamo Kaduna, kowa ya yi tsit don a ji ko an karanta katin wani ɗan unguwa, in aka ambaci sunan mutum yana gaida iyayensa da abokansa da "wadda ta san kanta" ranar nan ya zama sarki a majalisa. Waƙar da aka sa ba kai ka zaɓa ba, wani ne a Yola ko Mubi ya zaɓa, dole ka ji, kuma sau da yawa a haka kake fara son abin da da baka so.

Sai mota. Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 200 ne, direba na da kaset uku ko huɗu a gaban gilashi rana ta gama gasa su, abin da ya sa shi kowa zai ji, Bahaushe da Bafulatani da Tupuri da malamar makaranta 'yar Duwala. In zaren ya sarƙe yaron mota ya zaro shi a hankali ya sa biro a ramin ya naɗe, duk motar an zuba masa ido kamar mai yi wa mutum tiyata, in ta tashi a yi shewa. Kafin a kai Figil wani tsoho ya fara fassara wa malamar abin da mawaƙin yake nufi da habaicinsa, wani ya ce ba haka bane, musu ya kaure, a sauka Marwa an zama 'yan uwa. Ni a irin wannan tafiyar na fara jin marigayi Ali Baba ɗan garin nan, wanda ya rasu 1989, ba don na nema ba.

Watan jiya na bi hanyar. Mutum wajen talatin, kowa da abinsa a kunne, direban ma nasa a kunne yake, ba ka jin komai sai ƙarar inji da wani jariri. Yarinyar da ke kusa da ni tana ta murmushi tana kaɗa kai, har muka sauka ban san me take ji ba, tambaya kuma ta zama shisshigi.

Amma ai in waƙa ta fashe a TikTok kowa ya santa, wannan ba tare bane?

Eh, a nan kana da gaskiya, ban musa ba. Lokacin kullen korona a 2020 waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zaga ko'ina, mata suna taka wa mazajensu rawa ana ɗauka, malamai suna faɗa, daga Kano har nan ba wanda bai san zancen ba. Ko Shata bai taɓa isa kunnuwa da yawa haka cikin mako ɗaya ba. Sai dai ka tsayar da yaro ka ce ya rera maka baiti na biyu na waƙar da yake rawa da ita jiya, zaka ga yana sosa ƙeya, ɗan guntun da ake yankowa shi kaɗai ya sani, bayan sati uku kuma wata ta ture ta. Kuma kowa shi kaɗai ya gani a gadonsa da dare. Kun ji abu ɗaya amma ba wanda ya ga fuskar wani lokacin da yake ji, ni a nan nake ganin bambancin.

Ɗana, bikin jikata za a yi, in kira masu ƙwarya ko DJ?

Wata Hajiya ce maƙwabciyarmu. Na ce Hajiya in da hali a yi duka biyun, amma a ba masu ƙwarya yinin mata su kaɗai kar a haɗa su da sifika. Gidan biki shi ne wurin da ya rage ana jin abu ɗaya a lokaci ɗaya, shi da fada ranar hawan sallah da wajen maulidi da filin ƙwallo na Rumde Ajiya in ƙungiyar Coton Sport na wasa. Matsalar DJ ba tsada ko arha bace, shi waƙar da aka riga aka yi yake sakawa, mai ƙwarya kuwa tana ganin uwar amarya ta shigo zata saƙa sunanta da na kakanninta a take, a yi guɗa a yi liƙi. Kuma su da liƙin nan suke ci. Ba su da komai a manhaja, ko da an ɗora musu, tun 2024 Spotify ba ya biyan ko dala a kan waƙar da bata kai sauraro 1,000 a shekara ba, kullum kuma ana zuba sababbin waƙoƙi sama da 100,000 a manhajojin nan, wa zai tono tsohuwa mai ƙwarya a cikin wannan tulin? In an daina kiransu biki 'ya'yansu baza su koya ba, magana ta ƙare.

'Yan uwanmu na Chadi fa?

Su sun ɗan ja lokaci don data ta fi tsada a can, kuma daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe musu su WhatsApp da Facebook wata 16 cur. Masu zuwa sari daga Injamena ta Kusiri har yanzu suna cikin masu cika min memori, kuma turin hannu da hannu yana da wani abu da manhaja bata da shi: wanda ya tura maka ya sanka, zai ce "ji wannan, irin taka ce", in bata yi maka ba gobe ka same shi ka yi masa tsiya.

Akwai kwalin kaset na mahaifina a ɗaki, in zubar?

Kar ka soma. Ka raba su da rana da zafi, kar ka ajiye kusa da sifika don maganaɗisun ciki yana goge sauti, in da wanda ya yi fumfuna ka ware shi daban. Waɗanda aka saya a kasuwa na manyan mawaƙa yawanci wani ya riga ya ɗora su a YouTube, ba su ne abin damuwa ba. Ka nemi waɗanda aka rubuta wa suna da biro, na bikin gidanku, na makaɗin unguwa da aka ɗauka da rakoda a tsakar gida ana jin kukan akuya a baya, waɗannan in suka lalace babu kwafinsu ko'ina a duniya. Ka nemi rakoda mai aiki da igiyar da zata shiga kwamfuta a juye su, kowane fayil a rubuta sunan makaɗi da kayan kiɗan da garin da shekarar in an tuna. In baka da rakoda kawo su shago, ta kawu tana nan ƙarƙashin kanta, bel ɗinta kawai na canja bara. Amma ka zo da mahaifiyarka ko wata gwaggo ranar da zamu juye, don ni bazan gane muryoyin da ke ciki ba.