Feɗe kwaɗo a aji: abin da dokar Kalifoniya ta ba ɗalibi, da abin da ta bari a hannun malami

A jihar Kalifoniya ta Amurka, yaron makarantar gwamnati yana da haƙƙin ya ce wa malaminsa na bayoloji ba zai feɗe dabba ba, kuma doka ta hana a tsangwame shi saboda haka. Haƙƙin yana rubuce a kundin dokokin ilimi na jihar, daga sashe na 32255 zuwa na 32255.6, tun 1988. Dokar gajera ce, mutum zai karance ta a zama ɗaya, amma ana yawan yi mata gurguwar fahimta. Wasu sun ɗauka ta haramta feɗe dabbobi a makarantu, wasu kuma suna zaton ta buɗe wa malalacin yaro ƙofar guje wa darasi. Ko ɗaya ba ta yi ba.

Asalinta wata yarinya ce 'yar shekara 15 mai suna Jenifer Graham, a wata sakandare da ke garin Victorville. A 1987 aka ajiye wa ajinsu kwaɗi a ɗakin gwaje-gwaje, ta ce ita ba za ta tsaga cikin nata ba, don zuciyarta ba ta yarda a kashe dabba saboda darasi ba. Dama ba ta cin nama. Ta roƙa a bar ta ta koyi sassan jikin ta hanyar kwaɗon roba ko kwamfuta, makarantar ta ƙi, aka rage mata maki daga A zuwa C. Magana ta kai kotun tarayya. A 1988 alƙali ya rufe shari'ar bisa wani sulhu mai ban mamaki: a yi mata jarrabawa da hotunan kwaɗon da ya mutu da kansa, ba wanda aka kashe ba. Kafin nan majalisar dokokin jihar ta riga ta shiga maganar. 'Yar majalisa Jackie Speier ta gabatar da ƙuduri, Gwamna George Deukmejian ya sa masa hannu a wannan shekarar. Ba Kalifoniya ce ta fara ba, Filorida ta riga ta tun 1985, amma shari'ar Jenifer ce ta sa duk ƙasar ta ji labari, jihohi da dama suka biyo baya da nasu dokokin.

Me ya sa sai jiha-jiha? Saboda a Amurka tsara makarantu aikin jihohi ne, kuma dokar tarayya ta kula da lafiyar dabbobi ta 1966 ba ta kai nan ba. Ba ta lissafa makarantun firamare da sakandare cikin cibiyoyin bincike da take sa wa ido, kuma kwaɗi da kifi da sauran masu sanyin jini ba sa cikin dabbobin da take karewa.

To ga abin da dokar Kalifoniya ta ce. Wajibi na farko a kan malami yake: duk mai koyar da darasin da ake amfani da dabba, mai rai ko matacciya ko wani sashe nata, dole ya sanar da ɗalibansa cewa suna da wannan haƙƙi. Daga nan sai ɗalibin da yake ganin feɗewa ko cutarwa ko hallaka dabba ya saɓa wa lamirinsa ya faɗa wa malamin. Ba a ce sai ya kawo hujjar addini ba, ba a kuma ce sai ya kare ra'ayinsa a gaban wani kwamiti ba. Abin da ake buƙata shi ne takarda daga iyayensa ko mai riƙonsa da ke tabbatar da ƙin nasa. Dabba kuwa a ma'anar dokar ta haɗa kowace irin dabba, don haka fara da tsutsar ƙasa suna ciki kamar yadda kwaɗo da mage suke. Kuma dokar ta shafi makarantun gwamnati ne daga ajin share fage har aji na 12, wato ƙarshen sakandare. Jami'a ba ta ciki, makarantar kuɗi ma ba ta ciki.

Idan an ba yaro wani aiki a madadin feɗewa, kamar nazarin dabbar roba, bidiyo, littafi ko manhajar kwamfuta, dokar ta kafa masa ma'auni mai kyau ƙwarai. Aikin ya ci lokaci da ƙoƙari daidai da na sauran 'yan aji, kuma kada a tsananta shi don a hora yaron. Wannan sharaɗi biyu ya toshe ƙofa biyu. Wanda ƙiwuya ce ta kawo shi ba zai sami sauƙi ba, malamin da ya ji haushi kuma ba zai huce a kan yaro ta hanyar ɗora masa aikin mako uku a madadin na awa ɗaya ba. Jarrabawa kuwa tana nan daram. Sai yaro ya ci duk jarrabawar darasin kafin a ba shi makinsa. In jarrabawar ce da kanta take buƙatar a yanka dabba, yana iya neman a sauya masa da wata.

Sai dai akwai wurin da dokar ta yi laushi, kuma a nan ne yawancin rigima take. Ba ta tilasta wa malami ya ba da aikin madadin ba. Cewa ta yi idan malamin yana ganin akwai madadin da ya wadatar, yana iya zama da ɗalibin su tsara shi. Takunkumin da aka sa masa kawai shi ne kada hukuncinsa ya zama na son rai ko na ganin dama, kuma ɗalibi yana da damar kai ƙara ta hanyoyin koke da makarantu suke da su. A aikace wannan yana nufin yaro zai iya janye hannunsa daga aska, amma hanyar da zai bi ya koyi darasin tana hannun mutumin da ya fi kowa imani da feɗewar. Ni wannan bai kwanta mini ba. Yaro ɗan shekara 14 da zai ɗaga hannu a gaban abokansa ya ce shi ba zai yi ba, ya riga ya ɗauki nauyi babba. Zai sha tsokana, za a kira shi matsoraci. Bai kamata a ƙara masa da zaman jiran ko malam zai ga dama ba.

Takardar iyaye ma tana da fuska biyu. An sa ta ne don a tace mai gaskiya daga mai wasa, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi. Amma yaron da zuciyarsa ta ƙi, uban kuwa mafarauci ne da yake ganin abin shirme, ba shi da mafita. Dokar da aka yi don kare lamirin yaro ta dawo ta rataya shi a wuyan sa hannun wani.

Akwai kuma keɓewa guda da ya kamata a lura da ita. Darussan noma da kiwo, inda ake koyar da kula da dabbobin gida da tantance su, an cire su daga dokar gaba ɗaya. Wanda ya shiga ajin kiwo ya san abin da ya shiga.

Wani sashe dabam na kundin, na 51540, wanda ya girmi wannan doka, shi ne ya yi magana kan dabba mai rai. Ya hana a makarantun gwamnati a ba dabba mai ƙashin baya wani magani na gwaji da zai sa mata azaba ko cutar da za ta kashe ta, ya hana a ji mata rauni ta kowace hanya, har da sumar da ita ko jona mata lantarki. Saboda haka kwaɗon da ke kan farantin ɗalibi a mace yake zuwa. Kamfanoni ne suke sayar wa makarantu, a cikin leda ko bokiti, an jiƙa shi da sinadarin hana ruɓewa, sau da yawa an ɗura wa jijiyoyinsa roba ja da shuɗiya don yaro ya bambance mai kai jini da mai dawo da shi. Kwaɗin galibi daga ruwa da fadama ake kamo su. 'Yan tayin alade daga mayanka suke fitowa, a ciro su daga cikin uwar da aka yanka. Maguna kuwa yawanci waɗanda aka kashe ne a gidajen tsare dabbobin da ba su da masu su. Sinadarin da aka fi sani wajen adana su, fomaldihaid, hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 2004.

A nan ne nake ganin babban giɓin. Sashe na 51540 ya fitar da kisan daga cikin aji, amma bai rage shi ba, ya dai kai shi inda ido ba ya gani. Dokar 1988 kuma ta kare yaron da ya ƙi, ba ta ce komai kan dabbar ba. Ba ta tambayi makaranta daga ina aka samo ta, ta yaya aka kashe ta, ko nawa ake buƙata. Idan yaro ɗaya ya janye a aji mai mutum 30, an riga an yi odar kwaɗin tun farkon zango.

Mai karatu da ya saba riƙe ƙafar rago ranar layya zai iya cewa, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan kwaɗo? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin yankan da kansa. Ragon an yanka shi ne da dalili sananne, an wasa wuƙa don kada ya wahala, an ci naman, an raba wa maƙwabta, fatar ma ba a yar ba. Kwaɗon aji kuwa bayan darasi ɗaya kwandon shara zai tafi. Abin dubawa shi ne ko akwai buƙatar da ta kai a ɗauki ran, ko kuwa akwai wata hanya. Musulmi ma yana da abin tunawa a nan, don Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Yadda wannan zai hau kan karatun likita da babin larura, malaman fiƙihu ne masu bayani. Amma ya isa ya nuna cewa yaron da ya ji nauyin kashe kwaɗo ba baƙon tunani ya zo da shi ba.

Malaman kimiyya da ke kare feɗewa ba mugaye ba ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa gani ya kori ji. Hoto yana nuna hanta da launi ɗaya, huhu da wani, komai a tsare, amma cikin dabba na gaskiya a cakuɗe yake, sai yaro ya ɗaga wannan ya ture wancan kafin ya gano madaciya a maƙale ƙarƙashin hanta. Babu kwaɗi biyu da cikinsu yake daidai, kuma wannan kansa darasi ne. Akwai likitocin da za su ce maka ranar da suka fara buɗe cikin dabba ce suka san abin da za su zama. Manyan ƙungiyoyin malaman kimiyya na Amurka suna goyon bayan a bar wa malami zaɓi, tare da mutunta ɗalibin da ya ƙi. Na yarda da su a kan wanda zai zama likitan dabbobi ko likitan tiyata, hannunsa yana buƙatar sanin taushi da taurin nama. Amma jarrabawar sakandare sunan gaɓa da aikinta take tambaya, kuma bincike da dama da aka kwatanta ɓangarorin biyu sun nuna masu koyo da manhaja ko dabbar roba ba sa kasa takwarorinsu a irin wannan jarrabawa. Har makarantun likitanci na Amurka sun daina amfani da dabbobi masu rai wajen koyar da ɗalibansu na digirin likita. Jami'ar Johns Hopkins da reshen jami'ar Tennessee da ke Chattanooga su ne na ƙarshe, a 2016. A 2019 wata sakandare a Filorida ta fara amfani da kwaɗon roba mai jiƙaƙƙen nama da kayan ciki da ake iya tsagawa a ciro.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya. Italiya ta yi doka a 1993 da ta ba ɗaliban jami'a da ma'aikatan bincike haƙƙin ƙin shiga gwaji a kan dabbobi, wato ta kai kariyar matakin da Kalifoniya ba ta kai ba. Indiya ta wuce nan. A 2014 hukumar kula da jami'o'inta ta umarci a daina feɗe dabbobi a darussan ilimin dabbobi da na halittu, a matakin digiri na farko da na biyu, kuma cikin dalilanta har da raguwar kwaɗi da wasu dabbobi a daji saboda yawan kamu. A can an ɗauke nauyin daga kan ɗalibi an ɗora wa makaranta.

A Kalifoniya ma an gwada. A 2019 ɗan majalisa Ash Kalra ya kawo ƙudurin da zai hana feɗe dabbobi a makarantun jihar baki ɗaya, a koma amfani da manhajoji da dabbobin roba. Masu adawa suka ce zai ƙwace wa malami ikon tsara darasinsa, ya kuma hana ɗalibin da yake so ya feɗe ɗin. Ƙudurin bai tsallake kwamitin ilimi na majalisar ba.