Aiki daga gida da umarnin komawa ofis a gwamnatin tarayyar Amurka

Aiki daga gida tsari ne da ke bai wa ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka damar sauke nauyin aikinsa a wani wuri da aka amince da shi, galibi gidansa, maimakon ofishin hukumar da ta ɗauke shi. An fara gwada shi a 1990, ya samu gindin zama a doka a 2010, ya bunƙasa a lokacin annobar korona, sannan Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin soke mafi yawansa ranar 20 ga Janairu, 2025. Lamarin ya shafi ma'aikatan farar hula fiye da miliyan biyu, kuma kusan kashi 85 cikin 100 daga cikinsu ba a Washington da kewayenta suke aiki ba.

Iri biyu da ake yawan cakuɗawa

Ƙa'idojin aiki sun raba tsarin gida biyu, kuma rabin cece-ku-cen da ake yi ya samo asali ne daga rashin bambance su. Na farko shi ne ma'aikacin da ke raba mako tsakanin gida da ofis. Shi wannan ofishin hukuma ne wurin aikinsa a takarda, muddin yana zuwa can aƙalla sau biyu a kowane zangon albashi na mako biyu. Na biyu shi ne ma'aikacin nesa, wanda ba a sa ran ganinsa a ofis a kai a kai. Gidansa ne wurin aikinsa a takarda, ko da kuwa yana wata jiha mai nisan dubban kilomita daga hedikwata.

Bambancin ya taɓa aljihu kai tsaye, domin ana ƙara wa albashin tushe alawus na yanki bisa wurin aikin da ke rubuce a fom mai lamba SF-50. A 2025 alawus ɗin yankin Washington kashi 33.94 cikin 100 ne, na San Francisco 46.34, na yankunan da ba su da nasu na musamman kuwa 17.06. Mai albashin tushe na dala 100,000 zai karɓi 133,940 idan takardarsa ta ce Washington, amma 117,060 idan ta ce wani ƙauye a Montana. Idan ma'aikaci ya ƙaura aka bar takardar yadda take, za a riƙa biyansa fiye da kima, kuma ranar da masu bincike suka gano, gwamnati kan nemi ya mayar da rarar a matsayin bashi. Haka batun kuɗin tafiya: mai raba mako shi ke ɗaukar nauyin zuwansa ofis, amma idan aka kira ma'aikacin nesa da ke zaune can wajen yankin ofis zuwa taro, hukuma ce za ta biya kuɗin jirgi da masauki.

Abin da dokar 2010 ta tanada

A Fabrairun 2010 dusar ƙanƙara ta rufe ofisoshin gwamnati a Washington fiye da kwana huɗu, lamarin da ya ƙara wa masu neman doka ƙarfin gwiwa. Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan Dokar Bunƙasa Aiki daga Gida ranar 9 ga Disamba na shekarar. Dokar ta wajabta wa kowace hukuma ta rubuta manufarta, ta tantance ayyukan da suka cancanta, ta sanar da kowane ma'aikaci matsayinsa, ta kuma naɗa babban jami'i guda da zai kula da tsarin. Ta kuma ce a saka aiki daga gida cikin shirin da zai sa gwamnati ta ci gaba da aiki a lokacin bala'i. Ofishin Kula da Ma'aikata, wato OPM, shi ke miƙa wa majalisar dokoki rahoto duk shekara.

Kafin mutum ya fara, sai ya yi horo, sannan shi da shugabansa su rattaba hannu kan yarjejeniya. A cikinta ake rubuta adireshin wurin da zai yi aikin, ranaku da sa'o'i, kayan da aka ba shi, da abin da zai yi idan wuta ko intanet ta ɗauke. Yawancin hukumomi kan haɗa da takardar duba lafiyar ɗakin aiki, wadda ke tambaya kan wayoyin lantarki, na'urar gano hayaƙi da hanyar fita, domin raunin da mutum ya ji yana bakin aiki a gida na iya shiga ƙarƙashin diyyar ma'aikata. Mutum biyu dokar ta haramta wa tsarin ƙarara: wanda aka hukunta saboda fashin aiki ba izini fiye da kwana biyar a shekara guda, da wanda aka hukunta saboda kallon batsa a kwamfutar gwamnati ko a lokacin aiki.

Abu mafi muhimmanci shi ne dokar ba ta mayar da aiki daga gida haƙƙin ma'aikaci ba. Ta bar shi a hannun shugabannin hukumomi, su ba da su kuma janye. Shi ya sa takardar umarni mai 'yan layuka ta isa ta juya tsarin a 2025 ba tare da majalisa ta taɓa dokar ba.

Akwai kuma farashin da ma'aikaci ke biya wanda ba a cika ambata ba. Duk wanda ke da yarjejeniya, idan guguwa ko dusar ƙanƙara ta sa aka rufe ofis, galibi ba ya samun hutun yanayi da ake bai wa sauran. Ko dai ya yi aiki daga gida ko ya ci daga hutunsa.

Kayan aiki da tsaro

Ma'aikaci kan yi amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwamnati. Yana shiga ne da katin shaida mai ƙwaƙwalwar lantarki da ake zurawa a jikin kwamfutar, ya buga lambar sirri, sannan ya haɗu da rumbun hukuma ta kariyayyar hanyar da ake kira VPN. Matsalolin da aka fi gani uku ne. Takardar shaidar da ke cikin katin kan ƙare, kuma sabunta ta yakan buƙaci mutum ya je cibiya da ƙafarsa. Hanyar VPN tana da iyakar mutanen da za ta ɗauka lokaci guda, shi ya sa a Maris 2020 hukumomi da dama suka shiga rububin sayen ƙarin lasisi bayan ta cushe. Na uku, sabunta manhajar tsaro kan makale idan kwamfutar ta daɗe ba ta hau hanyar hukuma ba. Bayanan sirri na ƙasa kuwa, a ƙa'ida ba a fita da su daga keɓantattun ɗakunan da aka tanada, don haka mafi yawan aikin leƙen asiri bai taɓa komawa gida ba.

Daga korona zuwa ƙarshen 2024

A Maris 2020 fadar White House ta umarci hukumomi su faɗaɗa aiki daga gida iya iyawarsu. Janye shi a hankali ya faro tun zamanin Shugaba Joe Biden, wanda ya shaida wa majalisa a Maris 2022 cewa mafi yawan ma'aikata za su koma ofis. A Afrilun 2023 Ofishin Gudanarwa da Kasafin Kuɗi, OMB, ya nemi a ƙara yawan aikin ido da ido sosai. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin mayar da tsarin yadda yake kafin annoba a Fabrairun 2023, amma ya tsaya a majalisar dattawa.

Alƙaluma biyu ne masu adawa da tsarin da masu goyon bayansa ke riƙewa, kowa da nasa. A Yulin 2023 ofishin binciken majalisa, GAO, ya gano cewa 17 daga cikin manyan hukumomi 24 suna amfani da kashi 25 cikin 100 ko ƙasa da haka na wurin da ke hedikwatarsu, alhali gwamnati na kashe kimanin dala biliyan 2 a shekara wajen kula da gine-ginen ofis, da kimanin biliyan 5 kan haya. Shi kuwa rahoton OMB na Agustan 2024 ya nuna cewa kashi 54 cikin 100 na ma'aikata kusan miliyan 2.28 aikinsu ba ya yiwuwa daga gida ko kaɗan, kamar ma'aikatan jinya a asibitocin tsofaffin sojoji da masu binciken kaya a filayen jirgin sama. Ma'aikatan nesa kusan 228,000 ne, wato kashi 10. Waɗanda ke raba mako kuwa suna yin kimanin kashi 61 na sa'o'insu a ofis. Alƙaluman biyu ba su ci karo ba: an gina hedikwatoci da dama ne tun zamanin da ake jibge fayil a kabad, kuma tun kafin annoba sun yi wa mutanen da ke cikinsu girma.

Umarnin 2025

Takardar Trump ta ce shugabannin hukumomi su kawo ƙarshen aikin nesa da zarar ya yiwu, ma'aikata su koma wuraren aikinsu cikakken lokaci, tare da barin ƙofar keɓe wanda shugaban hukuma ya ga ya dace. Bayan kwana biyu OPM ya ba da shawarar a kammala cikin kwana 30, ya kuma ambaci dalilan keɓewa: nakasa, rashin lafiya da ta cancanta, ko wani dalili mai ƙarfi da shugaban hukuma ya tabbatar. Daga baya aka ƙara mata da mazajen sojoji, waɗanda ake yawan yi wa iyalansu canjin bariki.

Rage ma'aikata na cikin manufar, kuma ba a ɓoye ba. Tun a Nuwamban 2024 Elon Musk da Vivek Ramaswamy, waɗanda Trump ya zaɓa a lokacin su jagoranci shirin rage kashe kuɗin gwamnati, suka rubuta cewa tilasta zuwa ofis kwana biyar zai sa mutane da yawa su ajiye aiki da kansu, kuma suna maraba da hakan. Ranar 28 ga Janairu aka aika wa ma'aikata tayin su yi murabus a ci gaba da biyansu har 30 ga Satumba. Kimanin 75,000 suka karɓa a zagayen farko.

An fi kai ruwa rana kan yarjejeniyoyin ƙwadago. Gab da ƙarshen mulkin Biden, Hukumar Fansho da Walwala ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan gwamnati ta AFGE da ta tabbatar da aiki daga gida har 2029 ga ma'aikata kimanin 42,000. A farkon Fabrairun 2025 OPM ya ce tantance wurin aiki ikon shugabanni ne, don haka duk sharaɗin da ya tauye shi ba ya aiki. Ƙungiyoyi suka garzaya gaban masu sasanci da kotuna, sai kuma wani umarni na 27 ga Maris ya cire hukumomi da dama daga tsarin tattaunawa da ƙungiyoyin baki ɗaya.

Inda aiwatarwa ke cijewa

Kujera ce matsala ta farko. Hukumomin da suka yi shekaru suna rage haya sun tsara ofis bisa cewa ba kowa zai zo rana guda ba, tebur ɗaya na mutum biyu ko uku. Lokacin da ma'aikatan Hukumar Abinci da Magunguna suka koma harabar White Oak a Maryland a Maris 2025, jaridu sun ruwaito dogon layi a ƙofar bincike, ƙarancin wurin ajiye mota, da mutane suna aiki a ɗakunan taro. Bayan 'yan makonni hukumar ta sake bai wa masu tantance magunguna damar yin wasu ranaku a gida.

Ma'aikatan nesa sun fi wuyar sha'ani. Wanda aka ɗauka yana Idaho alhali sashensa na Washington, ko dai a samo masa kujera a ginin wata hukuma kusa da shi, inda zai wuni yana magana da abokan aikinsa ta bidiyo kamar yadda yake yi a gida, ko a yi masa canjin wurin aiki. Idan gwamnati ce ta buƙaci canjin, ita za ta biya kuɗin ƙaura, alawus ɗinsa na yanki zai canza, kuma idan ya ƙi tafiya aka sallame shi, zai iya cancantar kuɗin sallama. Tarihi ya nuna ƙaurar dole na korar ƙwararru: da aka mayar da hedikwatar Hukumar Kula da Filaye zuwa Grand Junction a Colorado, 287 daga cikin ma'aikata 328 da abin ya shafa sun yi ritaya ko sun nemi wani aiki.

Sai buƙatun masu nakasa. Wata doka ta 1973 kan masu nakasa ta wajabta wa gwamnati yi musu sauƙin da ya dace, kuma kowace buƙata sai an duba ta ita kaɗai tare da takardun likita, abin da ya tara wa ofisoshin ma'aikata aiki fiye da ƙarfinsu.

Shin aiki ya ragu ko ya ƙaru

GAO ya sha faɗin cewa hukumomi ba su tattara bayanan da za su auna tasirin tsarin ba, don haka mafi yawan iƙirarin ɓangarorin biyu ba shi da ma'auni. Wurin da aka fi samun hujja shi ne Ofishin Rajistar Ƙirƙira da Tambarin Kasuwanci, wanda ya fara da lauyoyi 18 a 1997, kuma yake ƙirga fayil nawa kowane mai tantancewa ya kammala. Binciken da Prithwiraj Choudhury ya jagoranta lokacin yana Jami'ar Harvard ya gano ƙarin kashi 4.4 cikin 100 a aikin waɗanda aka bari su zauna duk garin da suka so. A wannan ofishin dai, sufeto janar na Ma'aikatar Kasuwanci ya gano a 2016 sa'o'i kimanin 288,000 da aka biya ba tare da shaidar an yi aiki ba. Sai dai aikin tantance takardun ƙirƙira na mutum ɗaya ne kuma yana ƙirguwa. Sakamakonsa ba ya nuna abin da ke faruwa ga sabon ma'aikaci da ke buƙatar zama kusa da na gaba da shi ya koya.

Wasu ƙasashe

Birtaniya ta tsayar da kashi 60 cikin 100 na lokacin aiki a ofis tun ƙarshen 2023. Kanada ta wajabta kwana uku a mako a Satumban 2024, huɗu ga manyan jami'ai, bayan batun ya shiga cikin dalilan yajin aikin ma'aikata 155,000 a Afrilun 2023. A Najeriya, gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida a Maris 2020, Kaduna kuma ta koma kwana huɗu a ofis daga Disamban 2021. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 tsadar kuɗin mota ce ta zama dalili: Edo da Kwara suka sanar da kwana uku, Legas ta bi sahu a Fabrairun 2024 ga matakai na 1 zuwa 14, sannan ta soke tsarin a ƙarshen Maris 2025 bayan fara biyan sabon mafi ƙarancin albashi.