Kalmar "charity" ba sadaka kaɗai take nufi ba

Tun muna makaranta ake koya mana cewa "charity" a Turanci sadaka ce, wato ka ciro kuɗi ka miƙa wa mabuƙaci, shi ke nan. Wannan fassara ta rage wa kalmar daraja, kuma abin yana damuna.

Asalinta daga Latin ne, harshen Romawan dā, "caritas", ita kuma daga "carus", ma'ana abin da ke da tsada ko wanda ake ji da shi a zuci. Ta shigo Turanci ta hanyar tsohon Faransanci, kuma a farko ƙaunar ɗan'adam take nufi.

Duba fassarar Baibul zuwa Turanci ta Sarki James na Ingila, ta 1611. A wasiƙar Korintiyawa ta farko, ɗaya daga cikin littattafan Baibul ɗin, sura ta 13, an ce ko mutum ya rabar da dukiyarsa kaf don ciyar da matalauta, in ba shi da "charity", bai amfana da komai ba. Ka ga ke nan, da sadaka kalmar take nufi, maganar ba za ta tsaya ba. Fassarar Hausa "ƙauna" ta saka a gurbin. Sannu a hankali ma'anar "charity" ta tsuke zuwa kyautar da ƙaunar ke haifarwa.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. In Bature ya ce ka zama "charitable" wajen yanke wa wani hukunci, kyautata masa zato yake nufi. Yarinyar da iyayenta suka raɗa wa suna Charity kuwa, Ƙauna suka kira ta.