Waiwaye: yadda tsakiyar ƙananan garuruwan Amurka ta mutu, da fafutukar raya ta

Kusan duk ƙaramin gari a Amurka yana da titi guda a tsakiya da suke ce wa Main Street, shagunan jan bulo jere hagu da dama, banki, kemis, gidan waya, shagon aski, a saman bene kuma ɗakunan haya ko ofishin lauya. A da nan ne matattara, ranar Asabar manoma su shigo da iyalansu, a yi cefane a gaisa.

Abin ya fara taɓarɓarewa ne bayan yaƙin duniya na biyu da mota ta wadata. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, kuma da yawansu kewaye ƙananan garuruwa suka yi, to matafiyin da a da zai tsaya ya sha mai ya ci abinci sai ya wuce abinsa. Sai ga kamfanin manyan shaguna na Walmart a 1962 a garin Rogers na jihar Arkansas. Shi Sam Walton, wanda ya kafa Walmart, a tsakiyar garin Bentonville ya buɗe shago a 1950, ya san ƙananan garuruwan nan ciki da waje, sai ya riƙa kafa katafaren shago a bakin gari da makeken filin fakin, ga araha wadda ƙaramin ɗan kasuwa ko zai mutu ba zai iya ba. Ɗaya bayan ɗaya aka yi ta rufe shaguna, wallahi abin tausayi, wasu tun kakanni ake gadonsu.

An gwada dabaru. Wasu sun lulluɓe fuskar tsofaffin gine-gine da alminiyam wai su yi kama da na zamani, garin Kalamazoo na jihar Michigan ya hana mota shiga titin kasuwarsa a 1959, ƙarshe dai a 1998 aka sake buɗe shi. Wanda ya fi tasiri shi ne shirin 1977 na National Trust, ƙungiyar adana gine-ginen tarihi, da aka fara a garuruwan Galesburg da Madison da Hot Springs: a ɗauki manaja guda wanda kula da tsakiyar garin aikinsa kenan, a ɓare alminiyam ɗin, a gyara gini kaɗan-kaɗan, a mayar da mutane ɗakunan sama. Zuwa 1980 ya zama shirin ƙasa baki ɗaya.

Ya yi aiki kam, amma ni abin da ke damuna shi ne galibi shagunan gahawa da na tsofaffin kayan tarihi ne suka dawo, don 'yan yawon buɗe ido. Tsohuwar da ba ta tuƙi, in madara ko maganinta take so, a wurare da yawa har yau sai ta nemi mai kai ta bakin gari.