Birkin ganga a motoci masu jan ƙafa huɗu

Birkin ganga, wanda kanikawa suka fi kira dirom, nau'in birki ne da ke tsayar da mota ta hanyar tura wasu ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata su dafe cikin gangar ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Waɗannan ƙarafa su ne birek shu, kuma a bayan kowanne akwai lainin, wato abin da ke gogar gangar yana cinyewa a hankali. Yawancin motocin yau sun koma birkin faifai a gaba, amma ganga tana nan a ƙafafun baya na motocin aiki da dama, irin su Toyota Hilux, da kuma duk ƙafafu huɗu na tsofaffin Land Rover.

Tarihi

Ana danganta birkin ganga na zamani ga Louis Renault na Faransa a 1902, ko da yake wasu sun ce wata motar da Wilhelm Maybach ya ƙera a Jamus ta riga shi da shekara ɗaya ko biyu. A Ingila, Herbert Frood ya kafa kamfanin Ferodo a 1897, ya shiga sana'ar lainin, wanda daga baya aka riƙa yin sa da asbestos saboda jurewar zafi. A wancan zamani da sanduna da wayoyi ake jan birki, kuma da wuya ƙafafun su kama daidai da juna. Wajen 1917 Malcolm Loughead ya yi rajistar birki mai aiki da matsin mai a Amurka, a 1921 kuma Duesenberg ta fitar da mota mai irin wannan birki a ƙafa huɗu.

Land Rover ta fito a 1948 da ganga a kowace ƙafa, haka ta ci gaba har ƙarshen Series III a 1985. Gajeriyar, mai lamba 88, yawanci gangarta inci 10 ce, doguwar mai lamba 109 kuma inci 11. Birkin hannunta ma wata ganga ce daban a bayan akwatin giya, tana riƙe sandar da ke kai juyi zuwa ƙafafun baya. Land Cruiser jerin 40, da Toyota ta fara a 1960, ita ma da ganga huɗu ta soma, faifan gaba ya shigo mata a wasu ƙasashe wajen tsakiyar shekarun 1970. Faifai ya yi suna ne bayan Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, amma motocin daji sun daɗe ba su karɓe shi ba, domin ganga ba ta da tsada kuma bakanike mai jak da sufana yana iya gyara ta a gindin bishiya.

Yadda yake aiki

Idan direba ya taka birki, masta, wato babban silindan birki, yana tura man birki ta bututu zuwa ƙaramin silinda da ke cikin kowace ganga, shi kuma ya buɗe shu. Da an ɗaga ƙafa sai sifirin ya dawo da su. Juyin gangar yana ƙara jan shu ɗin da ke fuskantarsa, abin da ke ƙara wa birkin ƙarfi. A gaban Land Rover 109 an sa silinda biyu domin duka shu biyun su samu wannan ƙari, shi ya sa birkinta ya fi rauni idan tana komawa baya a gangare.

Gano matsala

Gogaggen bakanike yakan fara da feda, wato abin taka birki, kafin ya kwance taya. Idan feda ta nutse a takun farko, ta taso a na biyu da ƙarfinta, shu ne ya yi nisa da ganga, saiti yake so. Idan ta yi laushi kamar soso, iska ce a cikin mai. Idan kuma an danne ta tana sauka sannu a hankali ba tare da man ya ragu ba, robobin masta ne suka gaji. Akwai dabarar matse tiyon roba na ƙafafun da maƙalar da ba ta yanka shi: idan feda ta yi tauri, masta lafiya yake, sai a riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya har a ga inda ta faɗi.

Motar da ke fizgar sitiyari gefe guda, galibi ɗaya gefen ne ba ya kamawa. A motoci masu jan ƙafa huɗu babban dalili shi ne man giya ko giris da ya tsallake oyil sil, wato robar da ke hana mai yoyo, ya jiƙa lainin. Ana buɗe gangar sai a tarar da baƙin kwaɓi mai warin man giya ya lulluɓe komai. Man birki daban yake, ya fi tsinkewa, kuma idan aka ɗaga robar bakin silinda aka ga danshi, silindan ne ke yoyo. Ƙafar da ke zafi bayan gajeriyar tafiya tana nuna shu ba ya komawa, ko don sifirin ya saki, ko fistin ya yi tsatsa, ko tiyo ya toshe daga ciki.

Tsallake rafi da damina yana kashe birkin ganga na ɗan lokaci, sai direba ya yi tafiya a hankali yana ɗan dannawa har ya bushe. Yashi da laka da suka shiga ciki suna cin lainin da sauri. A dogon gangare kuma zafi yana buɗa gangar, man ma yana iya tafasa: sabon man birki nau'in DOT 3 yana jure aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma idan sun sha danshin iska ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155.

Gyara

Ana sauya shu na ƙafafu biyu na gaba, ko biyu na baya, a lokaci guda. Lainin da ya sha mai ba ya gyaruwa. Wasu suna wanke shi da fetur ko su babbaka shi da wuta, amma man yana sake fitowa da zarar ya yi zafi, kuma wannan tsimi ne da ke jefa rai cikin haɗari. Dole a sauya oyil sil ɗin tare, in ba haka ba sabon shu ma zai jiƙe. Yana da kyau a gama ƙafa ɗaya kafin a kwance ɗayar, domin juya shu ko maƙala sifirin a ramin da ba nasa ba kuskure ne da ake yawan yi.

Gangar da ta yi zane ko ta karkace ana iya kai ta injin fiƙa, muddin ba ta wuce iyakar faɗin da aka buga a jikinta ba. A Land Rover Series ana yin saiti da ƙusar da ke bayan farantin birki: a ɗaure har taya ta ƙi juyawa, sannan a sassauta kaɗan har ta saki. Bayan haka a yi bilidin, wato fitar da iska daga man birki, ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Gaban 109 ya yi ƙaurin suna wajen riƙe iska. Man inji ko na giya ba ya shiga tankin birki, yana kumbura robobi.

Lafiya

Tsohon lainin yana iya ƙunsar asbestos, mai jawo cutar huhu da sankara. Ba a hure ƙurarsa da iska, a jiƙe ake goge ta.