Wayar kuziniyar lantarki da kariyarta a gidajen Yamai

Kuziniyar lantarki, wato murhun girki mai aiki da wuta, tana cikin kayan gida da suka fi jan wuta, shi ya sa ake ware mata layi tun daga akwatin rabon wuta, da waya mai kauri da disjonkter nata ita kaɗai, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa. Kuran ɗin gidaje a Yamai volt 220 ne, kuma kamfanin NIGELEC ke rarraba shi.

Asalin ƙa'idar

An kafa NIGELEC a 1968, kuma tun wajajen 1976 layin Birnin Kebbi mai kilovolt 132 yake kawo wa Yamai wuta daga Najeriya. Duk da haka aikin waya a cikin gida bai bi salon Najeriya ba. Masu aikin wuta na Nijar sun gaji tsarin Faransa, kuma littafin da suka fi komawa gare shi shi ne ƙa'idar aikin wuta ta Faransa, NF C 15-100. Tsofaffin gidaje da fizibil aka kare su, siririyar waya ce da ke narkewa in wuta ta yi yawa. Aibinsa shi ne in ya ƙone, sai mai gida ya ɗaura duk wayar da ya samu, daga nan kuwa babu sauran kariya. Disjonkter ya maye gurbinsa a hankali. Bugun ƙa'idar na wajajen 2002 ne ya shimfiɗa kariyar diferansiyal mai miliampiya 30 a kan dukkan layukan gida; diferansiyal na'ura ce da ke yanke wuta in ta fara zurarewa daga layi, kamar ta jikin mutum.

Kaurin waya

Ana raba wat na kuziniyar da volt 220 a sami ampiya. Reshon lantarki mai kai biyu na wat 2,000 yana jan ampiya 9, priz mai kyau ta ishe shi. Kuziniya mai kai huɗu da tanda, wadda ke kai wat 7,000, tana jan kusan ampiya 32. Ga irinta ƙa'ida ta ce wayar jan ƙarfe mai kaurin 6 mm² da disjonkter na ampiya 32. Tanda ita kaɗai kuwa 2.5 mm² da ampiya 20.

Zafin Yamai ya sa rage kaurin waya yake da haɗari. An tsara teburan da ke nuna ampiyar da kowace waya ke ɗauka ne bisa iska mai digiri 30. A wannan yanayi waya mai rigar roba ta PVC da ke cikin bututu tana ɗaukar ampiya 41 in 6 mm² ce, ampiya 32 in 4 mm² ce. A digiri 45 sai a ninka da 0.79, ta farko ta sauko kusan 32, ta biyu kuma 25. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon rufi inda ake yawan bi da waya. Ke nan 4 mm², wadda wasu ke sawa don sauƙin kuɗi, za ta yi ta gasuwa alhali disjonkter bai ga abin yankewa ba. Akwai kuma wayar jabu a kasuwa, alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, in an kankare bakinta fari yake fitowa.

In nisa daga akwatin rabon wuta zuwa kuziniyar ya haura mita 45, a koma 10 mm².

Kariya

Waya ce disjonkter yake karewa, don haka girmansa kaurin waya yake bi. Wanda ya ƙara masa ampiya saboda yana yawan faɗuwa ya buɗe wa gobara ƙofa. Diferansiyal kuwa ran mai girki yake tsarewa, kuma nau'in A ake so a wannan layi. Dole wayar ƙasa mai kore da rawaya ta kama jikin kuziniyar. Ba a cusa irin wannan kuziniya a priz ta ampiya 16, mahaɗa ta ampiya 32 ake kafa mata a bango, a ɗaure sukurori tamau.

Kwantar gida, wato na'urar ƙidayar wuta, ita ma abin dubawa ce. Mai rajistar kilowat 3 ba zai ɗauki kuziniyar wat 7,000 ba sai ya nemi ƙarin ƙarfi.

Saɓani

Tsarin Ingila, wanda Najeriya ke bi, ya yarda a rage lissafin ampiya tunda kawunan kuziniya ba sa kama wuta duka a lokaci guda. Na Faransa ya tsaya a kan 6 mm² da ampiya 32.