Shekara goma kan taɓa ma'aikacin asibiti a Saudiyya: ƙorafi ba ya ciki

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin 'yan uwanmu na Makka da Jidda, wai duk wanda ya yi ƙorafi kan likita ko nas zai sha ɗaurin shekara goma. Har na ga wata baiwar Allah a ɗakin jira, ɗanta na kwance jikinta zazzaɓi ya rufe shi, ta kasa tambayar dalilin jinkiri don tsoro. Wannan ji-ta-ji-ta tana cutar da mu.

Abin da Ma'aikatar Lafiya ta yi gargaɗi a kai shi ne cin zarafin ma'aikacin lafiya, da hannu ko da baki: mari, ture mutum, zagi, barazana. Likita, nas, mai ba da magani, ɗan ƙasa ko baƙo, duk kariyar ta shafe su. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan 1.

A lura da “yana iya kaiwa”. Wannan shi ne ƙololuwa, alƙali ne ke auna girman laifi. Wanda ya ɗaga murya cikin ruɗewa da wanda ya fasa wa nas baki ba a ma'auni ɗaya suke ba. Shi kuwa ƙorafi hanyarsa a buɗe take. Lambar 937 ta ma'aikatar ce, dare da rana ana ɗauka, ka faɗi asibitin da lokacin da abin ya faru. In kuskuren magani ne, dokar aikin lafiya ta 2005 ta ba majiyyaci haƙƙin neman diyya, ta kuma wajabta wa likitoci inshora saboda haka.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne waya. Ka ɗauki ma'aikaciya bidiyo ba izini ka watsa don ka kunyata ta, dokar laifukan intanet ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar riyal 500,000, ko duka biyun.

Ni dai ina ganin kariyar ta dace. Nas ɗin da ta kwana a tsaye a sashen gaggawa lokacin aikin Hajji, in tana fargabar mari daga dangin majiyyaci, hannunta ba zai natsu wajen neman jijiya ba. Damuwata ɗaya ce: baƙon da Larabcinsa bai nuna ba, ga zafin ciwo, ana iya ɗaukar kukansa a matsayin rashin kunya. Wanda ya san harshensa bai kai ba, ya tafi da mai yi masa tafinta.